Shekarar da Na Sauke Goyo

Na san abin da kuka taso kuna ji a kaina, domin katangar gidanmu ba ta da tsawon da za ta tare magana. An ce uwarku mai son jiki ce, ta kwanta da ƙuruciyarta ta ƙi tashi, har ta ɗauki 'yar da ba ta daɗe da yayewa ba ta miƙa wa 'yar'uwarta a Nijar don kada raino ya dame ta. Ban taɓa fita na yi musu da kowa ba, ko ƙarfin musun ma ba ni da shi. Yanzu da furfura ta cinye kaina, babanku kuma ya riga mu gidan gaskiya, ina so ku ji yadda abin ya faru daga bakina. Da hantsi nake rubutawa, kaɗan-kaɗan, in hannu ya fara nauyi in ajiye. Lawal da Sabi'u, ku ma ku karanta, amma wannan babin na Ramatu ne fiye da kowa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba ku san ni da ƙarfina ba. A da, babu mai neman abinci a bakin iyaka a Magama da bai san Habsu mai dabino ba. Ni haifaffiyar Ɗan Isa ce, can tsallake, aure ne ya kawo ni Jibiya, saboda haka wannan hanya tamkar tsakar gidanmu na ɗauke ta. Nakan yi sammako in shiga motar 'yan kasuwa, in sayo dabino da cuku da tabarmin kaba, in biya gidan Yaya Tasalla, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, in sha furar da ta dama ta ajiye mini, kafin la'asar na dawo. Har yau in na rufe ido ina ganin wurin nan yadda yake a lokacin: manyan motoci sun jeru har ba a ganin ƙarshensu, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu suna jiran a duba takardu, hayaƙin tsire ya haɗu da na salansa, mai shayi yana ɗaga buta sama yana tsiyaya kamar don a kalle shi yake yi. Kwastan na wannan ɓangare suna tsokanata da Banijara, 'yan duwan, wato kwastan na wancan ɓangare, suna kirana 'yar Najeriya, ni kuwa in ce musu duk inda na taka ƙasar ubana ce. Babanku yana da rumfar faci a gindin wani bedi, dab da sandar da ake ɗaga wa motoci. In za mu wuce sai ya sunkuyar da kai kan aikinsa kamar bai san ni ba, don kunyar abokansa, ni kuma in jefa masa dabino ta tagar mota, in saita shi cikin tsohuwar tayar da yake zuba ruwa. Da yamma zai shigo yana faɗa wai na jiƙa masa dabino, alhali ya cinye.

A wata damina, Ramatu tana rarrafe, zazzaɓi ya shigo mana gida. Ya kayar da Lawal, ya kayar da Sabi'u, ya kayar da ni. Yara suka sha magani suka miƙe suka koma wasa a cikin taɓo. Ni ma zafin jikin ya tafi, sai dai ƙarfina bai dawo ba. Na ce gobe, gobe ta zo na ce jibi. Har gero ya fitar da kai ina nan yadda nake.

Da wuya in iya kwatanta muku wannan abu, ga shi kuwa na fi rabin rayuwata tare da shi. Gajiyar da kowa ya sani, in ka kwanta ka yi barci sai ta sake ka. Wannan kuwa in kwana ina barci, in farka kamar wadda ta kwana tana daka. In na miƙe tsaye jiri ya ɗebe ni, zuciya ta riƙa bugawa kamar na yi gudu. Gaɓoɓi suna ciwo ba kumburi, maƙogwaro yana kaikayi ba mura. Kaina ya cushe, in buɗe baki zan ce a miƙo mini ludayi, sunan ludayin ya ɓace mini, sai dai in nuna da hannu. Ƙarar rediyo da hasken rana tsaka, duk sai in ji kamar dukana suke yi. Abin da ya fi ruɗa mutane, ya ruɗa ni ni ma, shi ne akwai ranakun da nake tashi da sauƙi. A irin ranar sai murna ta kama ni, in ce Allah ya kawo ƙarshen abin, in yi wanki, in yi daka, in share gida har ƙofar waje. Ranar ba zan ji komai ba. Sai washegari, ko bayan kwana biyu, jiki ya zube gaba ɗaya, ko cokali in ɗaga sai na huta. Maƙwabta kuwa ranar wankin suke gani. Ranakun kwanciyar ina cikin ɗaki, ba mai ganina.

Babanku ya kai ni asibiti ba sau ɗaya ba. A ɗebi jini a gwada, a ce ba a ga komai ba, a yi mini ƙarin ruwa, a ba ni maganin ƙarin jini, mu dawo. An yi mini rubutu na sha, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Wasu suka ce sammu ne daga abokan kasuwanci, wasu suka ce na taka wani abu a hanyar Ɗan Isa. Da aka ga kwanciyar ta yi tsawo, sai kakarku, mahaifiyar babanku, wadda nake kira Gwaggo, ta taso daga Riko ta zo ta zauna da mu. Mace ce da ta yi noma da hannunta har tsufa, ba ta san wani abu wai shi hutu ba. Ta kama mini aiki, ba zan ci amanarta ba, amma bakinta bai bar ni ba. Wata safiya ta tsaya a ƙofar ɗakina da tsintsiya a hannu ta ce:

"Ni dai ban ga ciwo ba. Mai ciwo ramewa yake yi, ke ko ga ki nan da kumatunki. Shekaranjiya wa na gani yana tiƙar daka? Ki tashi ki motsa jini, ɗiyar nan. Kwanciya ita ke haifar kwanciya."

Babanku yana zaure yana ɗaura takalmi, ya ji. Mutum ne da ba ya ɗaga murya a gaban mahaifiyarsa, amma ranar ya leƙo ya ce a hankali:

"Inna, matar da ke ɗauko buhun dabino a ka tun daga tasha har gidan nan, ba za ta kwanta da gangan ba."

"To mi ke gare ta? Likita ya ce ba komai."

"Likita ya ce bai gani ba, Inna. Bai ce babu ba."

Shi ke nan abin da ya faɗa, ya fita. Daga baya na ji cewa a bakin iyaka ma abokansa suna yi masa shaguɓe, wai ya koma ɗebo ruwa da kai niƙa kamar ba shi da mata. Bai taɓa kawo mini wannan magana gida ba.

Maganar Gwaggo kuwa ta zauna mini a rai, har na fara tuhumar kaina. Na ce anya ba gaskiya take faɗa ba? Anya ba ni ce na saki jiki ba? Da kaka ta yi, wata rana na tashi da sauƙi, sai na ɗaura zane na ɗauki jakata na ce yau sai Ɗan Isa. Na je kuwa. Iskar hanya ta buge ni, masu shayi suna ta yi mini barka da tashi, na ji kamar an mayar mini da raina. Yaya Tasalla ta rungume ni tana kuka. Na dawo da dabino rabin buhu, na shigo gida ina taƙama, Gwaggo ta ce, "Kin gani ko!" Kwana biyu bayan nan ko kaina ba na iya ɗagawa daga matashi.

A wannan ranar ce abin ya faru. Babanku ya fitar da ni ƙofar ɗaki ya kwantar a tabarma don in sha iska, ya tafi wurin aiki. Lawal da Sabi'u suna makaranta. Gwaggo ta ɗora tukunyar wake a murhu, ta leƙa maƙwabta aron rariya. Ramatu lokacin ta fara tafiya, irin tafiyar nan ta tangaɗi da hannuwa a sama. Ina kallo ta saki gwangwanin da take wasa da shi, ta juya ta nufi murhu, tana dariya, harshen wuta ya burge ta. Na kira sunanta, muryar ta fito kamar raɗa. Na yunƙura zan tashi, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na kife. Sai na fara jan ciki. Tsakar gidan nan da nake sharewa kafin ruwan koko ya tafasa, ranar ya zame mini kamar daga nan zuwa Maraɗi. Ina ja ina ganin hannunta yana miƙewa wajen bakin tukunya. Allah ya kawo Gwaggo. Ta yar da rariya ta fizge yarinyar, 'yan yatsunta biyu kawai suka taɓa ƙarfen, ta callara ƙara. Gwaggo ta tsoma hannun a randa, tana jijjiga ta, sannan ta waiwayo ta gan ni: ina kife a ƙasa, bakina duk ƙasa, gwiwoyina sun kurje, ban ko kai rabin tsakar gida ba. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta zo ta durƙusa, tsohuwa da ita, ta sa gefen zanenta ta share mini fuska.

"Ashe da gaske ne," in ji ta. "Babu uwar da za ta ga ɗiyarta ta nufi wuta ta tsaya yin ƙarya. Ki yafe mani, Habsu."

Daga ranar ba ta sake ce mini in tashi ba, kuma duk matar da ta shigo da irin wannan magana, ita ke tare ta tun daga zaure. Amma ni abin da na gani ya ƙi barin idona. Gwaggo idonta ya fara rauni, ga gidanta da awakinta a Riko suna jiranta. Babanku dole ya fita nema. Ku maza kun yi wayo, kun san wuta, kun san rijiya, kun san titi. Ramatu ba ta san komai ba, kuma ƙofar gidanmu tana kallon hanyar da manyan motoci ke bi. Ina so ku riƙe wannan da kyau: babu wanda ya ba ni shawara, babu wanda ya roƙe ni. Ni na sa aka aika wa Yaya Tasalla, wadda ta daɗe a gidan aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Da na faɗa wa babanku, yana shan koko, sai ya ajiye ludayin.

"Ita kaɗai gare ni mace, Habsu."

"Na sani, Malam."

"In tafi da ita rumfa mana. In shimfiɗa mata a gindin bedi."

"Cikin motoci? Kana ƙarƙashin tirela, wa zai riƙe ta?"

Na ce masa na fi son in riƙa jin labarinta daga nesa tana raye, da in sake kwanciya ina kallonta tana tafiya inda ba zan iya kamo ta ba. Ya yi kwanaki yana shigowa da wuri, ya ɗora ta a wuya ya zaga da ita unguwa. Sannan wata safiya ya ce, "Allah ya sa haka shi ne alheri."

Yaya Tasalla ma da farko ƙi ta yi. Ta ce ba za ta so a ce ta jira ciwon ƙanwarta ta samu ɗiya ba. Ta zauna da mu har aka gama sussuka, tana fatan in ji sauƙi, sauƙi bai zo ba, mijinta kuma yana ta aike. Daren da ya rage ta tafi ba mu yi wata doguwar magana ba. Da safe ta ce mini:

"Zan riƙe ta, amma da sharaɗi. Ba zan ɓoye mata ko wace ce uwarta ba. Kuma duk ranar da kika miƙe, ko tsakar rana ce, ki aiko, ni zan kawo ta da ƙafata."

Na dage sai na raka su Magama. Na yi kwanaki a kwance ina tara ƙarfin wannan fita. Wani direba abokin babanku ya ɗauke mu, aka zaunar da ni a kan benci a gindin bedi, na jingina da itacen. Wurin yana nan yadda na san shi, da hayaniyarsa da ƙamshin tsirensa, ba abin da ya canja don ni ba na zuwa. Na karɓi Ramatu na ɗora ta a cinya, na gyara mata 'yar hularta. Da motar Ɗan Isa ta cika, na ce Yaya ta durƙusa a gabana. Ni da hannuna na ɗora mata yarinyar a baya, na kwance majanyina, wanda na goyi Lawal da Sabi'u da shi, na ɗaure. Ƙarfina bai kai ba, sai da babanku ya ƙarasa ƙullin. Wani kwastan da ya san ni ya hango ni ya ɗaga murya:

"A'a, Habsu mai dabino! Kwana biyu! Yau ba a tsallakawa?"

Babanku ne ya ce masa, "Rakiya muka yi." Aka ɗaga sanda, mota ta wuce. Ramatu ba ta yi kuka ba, tana ta wasa da ɗankunnen Yaya. Na bi motar da ido har ta shige bayan manyan motoci. Babanku ya koma ya ɗauki wata taya yana ta juya ta, ba huji yake nema ba, na sani. Fitar nan ta kwantar da ni har aka fara sanyi, ban kuwa yi da-na-sanin ta ba.

Ba zan ce muku abin bai ci mini komai ba. Da Salla Yaya takan kawo ta, ta ɓuya a bayan zanen Yaya tana leƙena kamar baƙuwa. Ta fara magana ba a gabana ba, haƙoranta suka zube suka sake fitowa ba a gabana ba. Da ta shiga makaranta ta zo tana ce wa makaranta lakwal irin na mutanen can, yayyenta suna yi mata dariya. Lokacin da ƙyanda ta kama ta, ina nan kwance ina jiran direbobi su kawo labari. Akwai kuma lokacin da aka rufe iyaka, muka daɗe sai dai murya a waya. Na sha cewa bana zan miƙe in aika a kawo ta. Da na ga ta yi wayo, ta saba, tana kiran Yaya da Inna da dukkan zuciyarta, sai na ga ɗauko ta zai zama na raba ta da uwa karo na biyu. Na bar ta.

Sunan ciwon kuwa sai bayan shekaru na ji shi, lokacin da Lawal ya girma ya kai ni wurin wata likita a Katsina. Ita ce ta farko da ta bar ni na yi magana har na gama. Ta tambaye ni ko nakan fi jin jiki kwana ɗaya ko biyu bayan na yi aiki. Na ce ranki ya daɗe, wa ya gaya miki? Ta ce ciwo ne sananne, na gajiya mai ɗorewa, yakan biyo bayan zazzaɓi a wasu mutane, gwajin jini ba ya nuna shi, kuma har yanzu ba a samo maganin da ke raba mutum da shi ba. Ta ce abin da zai taimake ni shi ne in san iyakar ƙarfina, in tsaya tun ban gaji ba, musamman a ranar da na ji sauƙi. Na fito ba a ba ni waraka ba, amma ina ta hawaye don daɗi, domin an ce abin yana da suna. Da haka na koyi zama da shi. Ina girki a zaune. In na yanka albasa sai in kwanta kafin in ɗora tukunya. In akwai suna ko biki, in huta kafinsa, in huta bayansa, in ba zai yiwu ba in aika da gaisuwa, mai jin haushi ya ji. Yaya tana aiko mini da dabino ina sayarwa daga ɗaki. Rayuwar ta ƙanƙance, amma rayuwa ce, kuma na gode wa Allah da ita.

Ramatu, ban sani ba ko kin san yadda na shirya wa bikinki. Tun da aka sa rana na daina komai, ko wanke-wanke ba na yi, ina ta tara ƙarfi, ina kuma tara maganganun da zan faɗa miki ranar da za a kai ki. Na tsallaka iyaka a kwance a kujerar baya. Na zauna cikin mata har azahar, kiɗan ƙwarya da guɗa suna shiga mini kai, sannan jiki ya ce ya isa. Aka kai ni ƙuryar ɗakin Yaya aka kwantar. Ina jin wasu mata a bakin taga suna cewa ko yau ma ba za ta daure ba. Da yamma aka ce a kawo amarya iyaye su yi mata nasiha. Na yi ta ƙoƙarin in tashi zaune, na kasa. Sai ga ki kin shigo cikin lulluɓi, ƙamshin lalle da turare ya cika ɗakin. Kika ce wa ƙawayenki su jira a waje. Kika dube ni ina kokawa da gwiwar hannu, sai kika tattara lulluɓinki, kika kwanta a tabarmar kusa da ni, fuskarki dab da tawa.

"Ba sai kin tashi ba, Inna. Faɗa mini a haka."

Duk abin da na tara ya ɓace. Na lalubi kaina ban sami ko kalma ɗaya ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Kin ci abinci kuwa?"

Kika fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, na ɗora hannuna a kanki. A waje motocin dangin ango suna ta oda, wata tana ƙwala kira a fito da amarya, rana za ta faɗi. Yaya Tasalla ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe labule da hannu biyu.

"Su jira," in ji ta. "Uwarta na yi mata faɗa."